Ranar da Aka Ɗauke Zinariya Daga Kan Ƙwai

Gwaggo Furera ta dawo daga masallacin Juma'a, ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan ɗaki ta leƙa akurki. Ƙwan zabi tara na nan a gurbi, a fili, babu kaza a kansu.

Ta yi kira irin na kullum. Talotalo ya taho yana buɗa wutsiya, agwagi shida suka biyo shi suna rangaji, zakara ya diro daga kan turmi. Zinariya ce kaɗai ba ta zo ba, kuma Gwaggo ta san ba yawo ta tafi ba. Kazar da ta yi kwana ashirin da biyar tana kwanci ba ta tashi ta bar ƙwai saura kwana uku su fashe.

Shekara bakwai ke nan da shaho ya yar da Zinariya a tsakar gidan tana 'yar tsako, da karayar ƙafa. Gwaggo ta ɗaure ƙafar da tsinke da zare, ta yi jinyarta a cikin ƙwarya a gefen gado. Ta warke da ɗingishi. Tun da mai gidan ya rasu, 'ya'ya suka bi aiki Kaduna da Legas, da tsuntsayen nan Gwaggo ke hira. Ba ta yanka su, ba ta sayarwa. Zinariya kuwa rabin zabi da agwagin da ke Ƙofar Kaura a ƙarƙashinta aka ƙyanƙyashe su. Duk mai ƙwai sai ya yi sallama, ya gaishe da Gwaggo, ya roƙa, a sa mata.

Kafin a jima maƙwabta sun leƙo ta inda ruwan bana ya zubar da katangar baya.

"Muzuru ne, Gwaggo," in ji Hauwa'u, matar gidan gabas.

"Muzuru da rana tsaka, ko gashi ɗaya bai zubar ba? Wanga muzuru da ƙafa biyu yake tafiya."

"To ai leburorin gini sun cika unguwa," wata ta ce. "Ko Audu mai gashin kaji. Kullum aljihunsa da tsaba."

Zainab, wadda ta fi su ƙuruciya, ta danne dariya. "Gwaggo, kaza ce fa. Yanzu da arziki ya shigo gari, ki aika wa ɗanki ya sayo maki goma farare."

"In an sace ki, sai in ce wa mijinki ya sayo goma farare."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko auduga da tsohon ɗankwali. Ta naɗe ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure su a cikinta, fata da fata, ta ja zane ta rufe. Zafin jikin tsohuwa bai kai na kaza ba, ta sani. Zai riƙe su zuwa faɗuwar rana, daga nan sai abin da Allah Ya yi.

*

Mati Mai Sawu yana zaune a bakin wani ɗakin ajiyar siminti, inda yake gadi. A da, in an kore shanu daga Batagarawa shi ake tasowa. Ya taɓa bin sawun raƙumi kwana huɗu, ya dawo da raƙumin da ɓarawon. Yanzu an daɗe ba wanda ya neme shi.

"Mati, tashi. An yi mani sata."

"Gwaggo, ko gaisuwa babu? Ina wuni, ina gajiya..."

"Gaisuwarka na wurina. In an ga kazata ka karɓa."

Leburorin da ke lodi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce a kira soja. Gwaggo ta buɗe baki za ta wanke su, sai ta lura Mati bai yi dariya ba.

"Wace daga ciki?" ya tambaya.

"Zinariya."

"Mai ɗingishin? Ba kwanci take ba?"

Gwaggo ta dafa cikinta. Ya dubi ƙullin, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙa wa abokin aikinsa makulli, ya ɗauki sanda. Bai ƙara tambaya ba. Ita kuwa da ta taho da faɗa cike da baki, sai ta rasa inda za ta sauke shi.

*

A bayan ɗakin ya tsayar da matan daga nesa, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune har Gwaggo ta fara zargin barci ya ɗauke shi.

"Ƙasar za ta yi maka magana ne?"

"Tana yi. Ke ce ba ki bari in ji." Ya nuna da tsinke. "Namiji ne. Ta nan ya tsallako, inda katanga ta zube. Takalmi sau-ciki, sabo. Bai yi gudu ba, ya san ba kya nan. Ƙarfe nawa kika fita?"

"Ni na san ƙarfe? Da hantsi. Ƙafata ba ta sauri, sai in riga maza."

"Ga shi ya wuce kwatamin agwagi, bai tsaya ba. Ya wuce talotalo. Kai tsaye ya zo akurki. Wagga toka ke kika zuba?"

"Saboda ƙuma."

"Allah Ya yi maki albarka. Dubi nan."

Ta sunkuya a hankali saboda ƙwan. A cikin tokar akwai gurbin gwiwa, kewaye da wani shaci mai kusurwa huɗu.

"Hankici ya shimfiɗa kafin ya durƙusa," in ji Mati. "Ɓarawon naki shina tsoron ɓata wando."

Sai ya tsinko ganye zai ƙunshe wani abu, ya fasa, ya nemi takardar sukari a wurin Hauwa'u. Da bakin wuƙa ya kankaro wani gari daga inda tsinin takalmin ya nutse, ya sa a takardar, ya shinshina, ya ninke.

"Mi ne ne?"

"Garin katako."

Suka bi sawun zuwa lungu, a nan ya mutu. Masu zuwa masallaci sun tattake shi, tayoyin babur sun bi ta kai. Tun da aka ba ma'aikata ƙarin albashin Udoji babura suka cika lungunan birni.

"Da can kowa da ƙafarsa," Mati ya ce, yana girgiza kai. "In na ga sawu na san gidan su wane. Yanzu rabin Katsina takalmi ɗaya, daga kanti ɗaya."

"To mu je wurin Audu."

"Ba Audu ba ne."

"Ni na ce mu je."

*

Audu yana bakin titi yana hura gawayi. Gwaggo ba ta yi masa sallama ba.

"Fito mani da kazata, ko da gasasshiya ce, in ga abin da zan kai gaban alƙali."

"Wace kaza, Gwaggo?"

Mati ya yi masa bayani, sannan ya nemi izini ya tona tarin gashin da ke bayan rumfa da sandarsa. Fari ne duka, sai baƙi kaɗan. Babu ja mai ruwan zinariya ko ɗaya.

Audu ya ajiye mafici, ransa a ɓace. "Gwaggo, kin san uwata, kin san ubana. Kuma ko sata nake, sai in rasa abin ɗauka sai kazar da ta yi wata guda a kwanci? Ƙashi da fata? In na gasa ta wa zai saya? Ga talotalonki kamar rago, kullum ina ganinsa ina kau da kai."

"To ci gaba da kau da kan."

Da suka bar wurin ta ce wa Mati, "Ka san ba shi ba ne, ka bar ni na zo na zubar da mutuncina."

"Na so ki ji daga bakin mai sana'a. Wanda ya ɗauke ta ba nama yake so ba."

*

Ɗanliti kafinta yana zaune a kan benci, hannu a haɓa. Gwaggo ta hango garin katako tuli a ƙofar shagon, jininta ya hau.

"Ashe kai ne. Ni da na ƙyanƙyasar wa matarka agwagi takwas bara."

"Gwaggo, mi na yi kuma? Ni da tun safe ko ƙusa ban buga ba. Motar siminti ta kayar da falwaya a bakin ƙofa, wuta ta ɗauke, injin yankana ya tsaya. An ce sai wani mako."

Gwaggo ba ta da lantarki a gidanta, saboda haka ba ta ma san an ɗauke ba. Mati kuwa ya tsaya cak.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan asuba."

Mati ya dubi ƙafafun Ɗanliti, silifa ce ta roba, ɗaya an ɗinke ta da waya. Ya dubi wandonsa da ya sha manne da fenti. Gwaggo ma ta duba, ta gane da kanta cewa wannan bai taɓa shimfiɗa wa gwiwarsa hankici ba. Mati ya debi garin katakon shagon ya shinshina, ya buɗe na takarda ya shinshina.

"Su wa ke kwasar wanga gari?"

"Mai gidan burodi shina aiko a kwasa. Sai Malam Sabi'u, buhu biyu duk mako, shina shimfiɗa wa kajinsa."

Da jin sunan Gwaggo ta yi tsaki. Malam Sabi'u akawu ne, gidansa na ƙarshen lungunta. Bara ya gina dogon ɗaki na siminti ya zuba fararen kajin turawa ɗari biyu. Watan jiya ya kai ƙararta wurin Mai Unguwa, wai kajinta na gargajiya masu yawo za su kwaso cuta su kashe masa nasa, a tilasta mata ta yanka su. Maganar tana nan ba a yanke ba.

"Don ƙeta ya kashe ta," ta ce, muryarta ta sauka.

"Mai son kashewa ba ya lallaɓa hannu ya ɗaga kaza ba tare da ya fasa ƙwai ko ɗaya ba. Tana da rai." Mati ya juya ga kafinta. "Bayan la'asar ka zo zauren Mai Unguwa. Ka biya ka taho da Audu."

*

Mai Unguwa Babaji ya zauna a kan buzu, dattawa uku a gefensa. Audu da Ɗanliti suka zauna kusa da bango. Malam Sabi'u ne ya zo ƙarshe a kan sabon babur, cikin farin yadi mai guga. Kafin ya zauna ya zaro hankici ya kakkaɓe tabarma. Gwaggo tana bakin ƙofa a zaune, hannu biyu a kan cikinta, ta gani, ta cije leɓe. Mati ya riga ya roƙe ta kada ta yi magana sai ya tambaye ta, kuma wannan ne abu mafi wuya da aka taɓa nema a wurinta.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da damina. Inuwar zauren tana ta miƙewa.

Mati ya shimfiɗa takarda biyu a gaban Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, wanga na shagon Ɗanliti ne. Wanga kuma daga takalmin wanda ya shiga gidan Gwaggo ya zubo. A shinshina."

Mai Unguwa ya ɗauki na farko. "Katako." Ya ɗauki na biyu, ya yamutsa fuska. "Wanga kashin kaji ne."

"A duba da kyau, akwai ɓarɓashin masara rawaya a ciki. Audu nama yake nema, kuma an bar masu nama a tsakar gida. Ɗanliti garinsa mai tsabta ne. Na gidan burodi wuta ke cinye shi. Saura wuri ɗaya a unguwar nan da katako da kashin kaji da abincin buhu ke haɗuwa a ƙasa."

Duk aka waiwaya. Malam Sabi'u ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, a gidan kaji aka tsinci kashin kaji, shi ne abin mamaki?"

"Gwaggo, mi kike ba naki?" in ji Mati.

"Gero da dusa da gara. Masara rawaya ba ta taɓa shiga gidana ba. Kuma toka nake zubawa."

"To ko da hakan ne," Malam Sabi'u ya ce, ya gyara zaman agogonsa, "a yi wa Allah a duba. Ni mai kaji ɗari biyu, mi zan yi da gurguwar tsohuwar kaza?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Ita kanta Gwaggo tambayar ta tsaya mata a wuya tun daga shagon kafinta.

Mati ya juyo gare ta a natse. "Gwaggo, ke ce malamar wanga fanni. Cikin ɗari biyun nan, nawa ke kwanci?"

"Ko ɗaya. Kajin turawa ba su san kwanci ba. Su zubar da ƙwai su wuce kamar ba daga jikinsu ya fito ba. Shi ya sa masu su ke..."

Ta tsaya. Ta dubi Mati, ta dubi ƙwan lantarkin da ke rataye a rufin zauren, a mace.

"Ɗanliti," in ji Mati, "ka taɓa yi wa Malam wani aiki ban da garin katako?"

"Na yi mashi tebur. Na ɗora injin ƙyanƙyasa. Ya ce ƙwan ɗawisu uku ya samo daga Kano, da ƙyar."

"Injin da mi yake aiki?"

Mati ya ninke takardunsa.

"Wuta ta ɗauke da safe. Ƙwai na hucewa. Kaza ɗaya ce a unguwar nan da kowa ya san ko dutse aka sa mata za ta rungume. Mai ita kuma ita ce wadda ka kai ƙara watan jiya, bakinka ba zai iya roƙonta ba. Sai ka jira ta tafi masallaci."

Malam Sabi'u ya sunkuyar da kai. Zufa ta tsattsafo masa, ya kai hannu aljihu zai zaro hankici, ya fasa.

"Aro na yi niyya," ya ce a hankali. "Kwana uku kawai."

Kowa ya jira Gwaggo ta fashe. Ta daɗe tana tara abin da za ta faɗa masa, tun watan jiya. Amma abin da ya fito daban ne.

"Ta kwanta?"

"Ta ƙi. Sai zagaye take cikin kwando."

"Ina za ta kwanta? Ka ɗauke kaza daga gurbinta da rana tsaka, idonta biyu, ka kai ta baƙon wuri. Sai duhun magariba ake sauya wa mai kwanci gurbi, kowace mace a lungun nan ta sani. Duk takardun da ka karanta babu wadda ta gaya maka? Ka kashe naka, kana neman kashe nawa. Tashi mu je."

*

A bayan dogon ɗakin simintin, fararen kaji na ta hayaniya, aka tarar da kwando a kife da bulo a kansa. Gwaggo ta miƙa hannu, Mati ya tare ta.

"Bari ta ba da shaida da kanta. Kada gobe a ce tasa ce."

Ya ɗage kwandon. Zinariya ta fito da gashi a tashe, tana ƙugi irin na mai kwanci. Ko kallon ƙwan ɗawisun ba ta yi ba. Ta ratsa tsakanin ƙafafun Mai Unguwa, ta fita ƙofa, ta kama lungu da ɗingishinta. Mai Unguwa da dattawa uku da kafinta da mai gashi da akawu suka bi ta a baya a jere. Wani mai babur ya taho, ya ga taron, ya kashe inji ya ba ta hanya. Mata suka fito ƙofofi. Zainab ta rufe baki da mayafi.

"Shekara arba'in ina bin sawu," Mati ya ce wa Gwaggo, "yau ne na fara bin sawu da mai shi a ciki."

Zinariya ta tsallake zubabbiyar katangar, ta wuce talotalo, ta shige akurki. Ta tarar da gurbi wayam, ta tsaya tana waige.

"Gwaggo," in ji Mai Unguwa, "hakkinki ne. In kin ce alƙali, gobe da safe."

"Alƙali ya san darajar kaza? A nan zan karɓi hakkina." Ta juya ga Malam Sabi'u. "Ƙarar da ka kai, ka janye ta yanzu, da bakinka, matan nan na ji."

Ya janye, da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa. Ya maimaita da ƙarfi.

"Katangar da ka tsallaka, ka tashe ta. Audu da Ɗanliti, na zage ku a kan laifin wani, ku yafe mani, ba zan sake faɗa ba. Kai kuma, ƙwan naka kwana nawa?"

"Ashirin da biyar."

Ta yi lissafi da yatsu. "In an yi sallar magariba ka kawo su. Da ƙafa, ba da babur ba. Ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama, ka gaishe ni, ka roƙa, kamar yadda kowa ke yi. Ƙwai ba su yi mani laifi ba. In da sauran rai a cikinsu, ita za ta sani."

Sai ta durƙusa a cikin tokar, ba hankici, ta juya wa maza baya ta kwance ɗankwalin. Ta fito da ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana turawa, Zinariya na jawo su da baki tana cusawa ƙarƙashin fiffike. Da ɗumi a jikinsu, amma ɗumi kaɗan. Na taran ta riƙe shi a hannu, ta kasa sakewa. Ta kai shi kunne, ta rufe ido.

Lungun ya yi tsit. Can ciki, siriri kamar ana taɓa ƙwarya da tsinke, wani abu ya ƙwanƙwasa. Ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ta miƙa hannu ta kara ƙwan a kunnen Mati. Tsohon ya saurara, fuskarsa ta washe. Ta mayar da ƙwan ƙarƙashin Zinariya, kazar ta girgiza jiki ta baje a kansu, ta lumshe ido.

Gwaggo ta dafa bango ta miƙe, ta kakkaɓe toka daga gwiwa, ta gyara mayafi. Ta fuskanci Mati sosai, ta ɗan rusuna, abin da ba wanda ya taɓa gani ta yi wa wani a Ƙofar Kaura.

"Malam Mati," ta ce, "ina wuni. Ina gajiya. Yaya iyali?"